Yadda ake warware aljabra da lissafin ƙididdiga ba tare da kai ya ɗau zafi ba

Yaran SS3 da nake yi wa lesin da marece a nan Sakkwato, matsalarsu ɗaya ce, da sun ga x sai gabansu ya faɗi, alhali yaron nan in ka aike shi Kasuwar Kara ko naira goma ba a iya cutarshi. To wallahi lissafin guda ne, rubutun ne kawai ya sake kama. Ita kanta kalmar aljabra daga Larabci take, al-jabr, daga aikin Al-Khawarizmi a Bagadaza, don haka a daina cewa kayan Turawa ne.

Abu na farko, kar ka taɓa biro sai ka karanta tambaya sau biyu, ka gano mi ake nema, shi za ka sa wa suna x. Misali ka hau kabu-kabu sau 3 kuɗi iri ɗaya, ka sayi ruwa na 200, duka ka kashe 1,100. Rubuta 3x + 200 = 1,100. Ka ɗauki alamar daidai ɗin nan kamar sikelin mai nama, abin da ka cire a dama sai ka cire a hagu. Cire 200, saura 3x = 900, raba da 3, x = 300. Shi ke nan fa.

In abubuwa biyu ne ba ka sani ba, dole a ba ka bayani biyu. Kwano 3 na gero da 2 na dawa 8,000, kwano ɗaya na gero da ɗaya na dawa 3,000 (ni na ƙirƙiri farashin, kar wani ya je kasuwa ya ce malam ya faɗa). Wato 3x + 2y = 8,000, sai x + y = 3,000. Ninka ta biyun sau 2 ta koma 2x + 2y = 6,000, ka cire ta daga ta farko, y ta ɓace, x = 2,000, kenan y = 1,000. A nan ne yara ke faɗuwa, su ninka hagu su mance dama, ko kuma mainos ta ci su wajen cirewa.

Mai x² kuwa, irin x² − 5x + 6 = 0, nemo lambobi biyu da in ka ninka su za su ba ka 6, in ka haɗa su su ba ka −5. Su ne −2 da −3. Sai ka samu (x − 2)(x − 3) = 0, amsa 2 ko 3. In ka yi minti biyu ba su fito ba kar ka tsaya gardama, koma kan fomula.

Sannan abin da nake ta maimaitawa har sun gaji da ni: mayar da amsarka cikin tambaya. 3 sau 2,000 da 2 sau 1,000 sun ba ka 8,000? To ka ci. Ko a obje, wato jarrabawar zaɓen amsa, mai tambaya 50 wannan dabara tana ceto, sai ka gwada zaɓin ɗaya bayan ɗaya.

Mu koma ƙididdiga, ita ce makin banza da yara ke bari a ƙasa. Ga cinikin mai shayi na kwana 7 a dubbai: 5, 3, 6, 4, 4, 7, 20. Jera su tukuna daga ƙarami, 3, 4, 4, 5, 6, 7, 20, kar ka tsallake wannan ko kana sauri. Min shi ne ka tara duka ka raba da yawansu, 49 raba 7, 7 kenan. Midiyan na tsakiya, 5. Mod wanda ya fi maimaituwa, 4. In lambobin 8 ne babu na tsakiya guda, sai ka haɗa biyun tsakiya ka raba biyu.

Ka lura da 20 ɗin nan, ranar da aka yi ɗaurin aure a unguwa ce, ita kaɗai ta ja min sama, in ka ce wa mai shayi kullum dubu 7 yake samu dariya zai yi maka, midiyan ta fi kusa da gaskiyarshi.

In tebur aka ba ka mai f da x (x lambar ce, f sau nawa ta fito) aka ce ka nemo min, ƙara layin fx da hannunka, wato f sau x, tara shi, ka raba da jimlar f. Da yawa suna rabawa da yawan layukan tebur, kuskuren da na fi gani kenan.

Kuma don Allah a tiyori, wato inda ake rubuta aiki ba zaɓen amsa ba, rubuta kowane mataki, WAEC da NECO suna ba da maki kan hanyar da ka bi ko amsar ƙarshe ta kuɓuce. Mai danna kalkuleta ya rubuta amsa tsirara, in ta yi kuskure sifili zai kwasa, kuma kiredit ɗin lissafin nan dai shi za a nema ranar neman shiga Jami'ar Ɗanfodiyo.