Kada batir ya kwana ba caji

'Yan uwa masu fankar caji a Katsina, in batirinku ya yi aiki, ku jona shi a ranar.

Ƙaramin batirin nan na dalma mai bolt 12, irinsa masu jirgin sama mara inji ke sa wa rediyonsu a Turai, kuma da sun sauka sai caji.

Batirin dalma in ya daɗe a sauke, wani farin gishiri ke daskarewa a farantansa, ya daina riƙe wuta. Cikakke yana nuna kusan bolt 12.7 a mitar gwada batir. Ya sauko 12, ku kashe fanka.

Ku ajiye shi a inuwa, zafi irin na Afrilu yana cinye shi.

Wanda ya riga ya kumbura dai sai sabo. Na lithium kuwa cajarsa daban ce.