Shawara ga mai niyyar zuwa Butan

Jama'a, duk mai shirin leƙa Butan, masarautar nan ta mabiya addinin Buda da ke maƙale a duwatsun Himalaya tsakanin Indiya da Sin, ya fara lissafin aljihunsa. Ban da kuɗin biza dala 40, gwamnati na karɓar dala 100 a kan kowane dare, kuma masauki da abinci ba sa ciki.

Jirgi a garin Paro yake sauka, daga Delhi, Katmandu ko Bankok. In daga Katmandu za ka taso, nemi kujerar gefen hagu, za ka hango tsaunin Everest.

Kada ka yi garajen hawa wurin ibadar Taktsang ranar da ka iso. Yana kan dutse, sama da mita 3,000 daga matakin teku, numfashi na yanke wa wanda bai saba ba. Bar shi sai ƙarshen tafiya.

Batun abinci kuwa, a kula, naman alade ya yawaita a girkinsu. Ka ce kai ba ka cin nama, a ba ka ema datshi, wato barkono da cuku, da jar shinkafa. Akwai yaji fa!

A wuraren ibadarsu ana cire takalmi da hula, ba a ɗaukar hoto a ciki.