Kurakuran da muke yi in mun tashi neman a saki wanda aka ɗaure bisa zalunci

Jama'a wannan abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Duk sanda aka ce an ɗaure wani bawan Allah ba da haƙƙinsa ba sai mu cika Facebook da TikTok da kuka, kwana uku ana shiyarin hotonsa, daga nan wani labari ya taso kowa ya watse, shi kuwa yana nan a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse yana ƙirga kwanaki. Niyyarmu mai kyau ce wallahi, yadda muke yin abin ne yake da gyara.

Babban kuskuren shi ne fara ihu kafin a riƙe takarda. Za ka ga fostin mai zafi amma ba lambar ƙara, ba sunan kotu, ba ranar da aka yanke hukunci, wani ma bai san ko hukunci aka yanke ko jiran shari'a mutumin yake ba, alhali hanyar fitar da su ba ɗaya ba ce. Ku tuna Zainab Aliyu, ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Saudiyya a Disambar 2018 kan tiramadol da aka samu a jakar da aka maƙala wa sunanta. Kowa yana tuna #FreeZainab, amma abin da ya ba ihun ƙarfi shi ne binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da ya gano wasu ma'aikata a filin jirgin Malam Aminu Kano suna liƙa sunayen matafiya a kayan da ba nasu ba, shi ya sa gwamnati ta samu abin da za ta ajiye a gaban Saudiyya har aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. To kafin ka danna fostin, a je wajen rajistaran kotu a nemi kwafin hukunci da takardar tuhuma, a ba lauya ya karanta.

Sai kuma ƙara wa miya gishiri. Wannan yana kashe magana fiye da yadda ake zato. Labarin Segun Olowookere na jihar Osun ya zagaya da cewa an yanke masa hukuncin kisa don ya saci kaza, amma a takarda fashi da makami aka tuhume shi, an kama shi a 2010 yana ɗan shekara 17, aka yanke hukunci a 2014, gwamna Adeleke ya yi masa afuwa a Disambar 2024. Shi Allah ya taimake shi. Amma sau tari da zarar ɗaya ɓangaren ya fito da takarda ya nuna ka ɓoye wani abu, shikenan an daina yarda da sauran maganarka ko da gaskiya ce. Ka faɗi tuhumar yadda take, sannan ka nuna inda aka yi ba daidai ba, ko an tilasta masa amsa laifi da duka ne, wanda dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta, ko bai samu lauya ba, ko ba a yi masa tafinta ba.

Wani abin da yake ba ni takaici, muna ta tagin ɗin shugaban ƙasa a kan shari'ar da ba ta hannunsa. In laifin na dokar jiha ne, gwamna ke da ikon afuwa a sashe na 212 na tsarin mulki, shugaban ƙasa nasa sashe na 175 ne kuma kan laifukan tarayya. Yaran nan da aka kama a zanga-zangar Agustan 2024, waɗanda muka ga bidiyonsu suna faɗuwa a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamba, tarayya ce ta gurfanar da su, shi ya sa da Tinubu ya ba da umarni cikin 'yan kwanaki aka sallame su. In da shari'ar jiha ce, ƙofar da za a buga ita ce ta kwamishinan shari'a da gwamna, in kuma mutum jiran shari'a yake ya daɗe, babban jojin jiha yana da ikon sallamarsa in ya kai ziyara gidan yari.

Kuma a riƙa bambancewa, afuwa daban, wanke mutum daban. Wanda bai aikata ba, ɗaukaka ƙara ce take goge masa suna, kuma tana da lokaci, kwana 90 ne zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar laifi, kwana 30 zuwa Kotun Ƙoli. Na ga iyalin da suka shafe wata huɗu suna bidiyo suna roƙon jama'a, ba wanda ya ce musu lokaci yana tafiya, sai da ya wuce aka koma roƙon kotu ta ƙara wa'adi, ga ƙarin kuɗi ga ɓata lokaci. In ba halin ɗaukar lauya akwai Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba da lauya, kyauta suke yi wa marasa ƙarfi, a fara zuwa can tun satin farko.

Zagin alƙali kuwa ku bari don Allah. Ba ya fitar da kowa, sai dai ya ja wa mai fostin ɗin shari'ar ɓata suna ko raina kotu, lauyan da yake tsaye a kan maganar kuma ka ɗaure masa hannu. Haka saka sunan shaida ko hoton wanda aka yi wa laifin, shi ma fa an zalunce shi, iyalinsa suna gani.

Maganar kuɗi ma sai an yi hattara, lambar akawun ɗin mutum ɗaya a ƙarƙashin fostin ba tare da bayanin nawa aka tara nawa aka kashe ba ita take haifar da zargi har tafiyar ta watse. A samu mutum biyu ko uku da iyalin suka amince da su, a riƙa saka rasit.

Sannan a nemi izinin iyalin kafin a ɗora hoton ɗansu, musamman in yaro ne ko mace, don bayan an fito akwai aure akwai neman aiki, intanet kuma ba ta mantuwa.

In Allah ya sa an saki mutum ɗaya kar a naɗe tabarma. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke, yawancinsu ba mai yi musu bidiyo. Dokar ACJA ta 2015, wato dokar tarayya kan yadda ake gudanar da shari'ar laifuka, ta ce majistare ya riƙa duba caji ofis duk wata, Kano ma ta yi irin dokar a 2019. Guruf ɗin da kuka buɗe saboda mutum ɗaya, ku bar shi a buɗe, ku sa wani ya riƙa zuwa kotu ranar zama yana rubuto muku abin da ya faru, ku kuma tambayi caji ofis ɗin unguwarku yaushe rabon da majistare ya leƙo.