Darasi na 9: Tarin da Ke Biyo Bayan Tururin Wiwi da Sigarin Lantarki

A ajinmu na dare akwai iyaye, akwai direbobi, akwai masu aiki a shaguna da gidaje a Jidda da Makka. Da yawanku sun taɓa jin saurayi a gida yana tari da asuba, tarin da ba na mura ba. In an tambaye shi sai ya ce ƙura ce, ko sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Wani lokaci kuma akwai wata ƴar na'ura a aljihunsa mai kama da alƙalami, wadda ake caji kamar waya, yana zuƙar tururinta. Wasu ruwan nikotin suke zubawa, wasu man wiwi ko busasshen ganyenta.

Kowa ya sani dokar Saudiyya ta haramta wiwi, ganye ce ko mai. Wanda aka kama yana sha zai fuskanci ɗauri, baƙo kuma a mayar da shi ƙasarsa. Hukuncin mai fasa-ƙwaurinta yana kaiwa ga kisa. Amma dokar ta bar ƙofa guda: wanda ya kai kansa neman magani, ko danginsa na kusa suka kai shi, ya miƙa abin da ke hannunsa, ba a gurfanar da shi saboda shan. Ku riƙe wannan da kyau, don tsoro ne ke sa iyaye ɓoye ciwon ɗansu har ya yi nisa.

Me ya sa tururin ke kawo tari?

Samari suna cewa wannan ba hayaƙi ba ne, tururi ne kawai. Akwai ɗan gaskiya a ciki. Ganye yana fara ƙonewa ne idan zafi ya kai wajen digiri 230, na'urar kuwa takan tsaya ƙasa da haka, saboda haka toka da kwalta sun ragu. Sai dai raguwa daban, lafiya daban. Tururin yana da zafi, kuma yana busar da maƙogwaro. Ruwan da ake zubawa a na'urar yana ɗauke da sinadarai irin su gilisarin, masu tsotse danshi. In ƙarfen ciki ya yi zafi da yawa, sinadaran sukan rikiɗe su fitar da guba mai kartar maƙoshi.

A cikin hanyar numfashinmu Allah ya shimfiɗa wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani. Dare da rana suna share majina da ƙura zuwa sama kamar tsintsiya. Zafi da sinadarai suna raunana su. In sun yi rauni majina ta taru, sai tari, sai kaki, sai murya ta dishe. Mu kuma a nan ga ƙurar hamada, ga busasshiyar iskar mukayyif, ga turaren wuta a ɗaki rufe. Huhun ya riga ya ɗauki kaya tun kafin a ƙara masa.

Man wiwi na bayan fage ya fi komai haɗari. A 2019 wata cutar huhu ta ɓulla a Amurka tsakanin masu zuƙar irin wannan mai. Zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum fiye da 2,800 a asibiti, 68 suka rasu, yawancin waɗanda suka kamu kuwa matasa ne. Bincike ya gano cewa masu haɗawa suna gauraya man da wani mai na bitamin E don ya yi kauri. Wannan man ana shafa shi a fata ba ya cutarwa, amma a cikin huhu ɓarna yake yi. Mai saye a ɓoye ba shi da hanyar sanin abin da aka zuba masa.

Mutum biyu su tashi su karanta wannan da ƙarfi:

"Ɗana, tarin nan naka ya kai mako nawa?"
"Ya kusa uku, Kawu. Ƙura ce kawai."
"Ni ba faɗa na zo yi ba. Ina jin ka cikin dare, ƙirjinka yana fito."
"Wallahi Kawu ina jin kunyar faɗa wa likita."
"Likita ba zai san maganin da zai ba ka ba sai ya san abin da ka shaƙa. Shirya, tare za mu je."

Abin da za a yi a gida

Maganin farko shi ne a ajiye na'urar. Ba abin da za a sha ya warkar da maƙogwaro ana ci gaba da ƙona shi. Wanda ya saba zai sha wuya a farko: rashin barci, saurin fushi, rashin cin abinci. Abin yakan yi tsanani a makon farko, ya lafa bayan kamar mako biyu. Tari ma yakan ƙaru na ɗan lokaci, domin huhu ya fara fitar da abin da ya tara. A yi haƙuri da shi a gida, kada a yi masa gori.

A sha ruwa sosai, mai ɗumi ya fi. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kurkure maƙogwaro a zubar, safe da dare. Cokalin zuma a ruwan ɗumi da citta ko lemun tsami yana sassauta ƙaiƙayi, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma. A rage sanyin mukayyif, a wanke ragarsa, a buɗe taga in za a sa turare. Ranar ƙura a rufe hanci da takunkumi.

Kada kuma a gudu daga na'ura a faɗa shisha. Ruwan tulun ba ya tace guba, gawayin ma yana fitar da tasa iskar mai cutarwa. Karɓa-karɓar bakin bututun shisha guda tsakanin abokai kuwa hanya ce ta yaɗa mura da tarin fuka. Masu riƙe tururi a ƙirji su daɗe, su ma huhunsu kawai suke ƙara wa rauni.

Akwai inda zuma da gishiri ba su isa ba. Tarin da ya wuce mako biyu, jini a kaki, zazzaɓi da zufar dare, ko rama ba dalili, duk na asibiti ne, a kuma nemi gwajin tarin fuka. Ana iya kiran 937, layin Ma'aikatar Lafiya, a nemi shawarar likita ko a tambayi asibitin daina shan taba mafi kusa. In numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya ɗauki ciwo mai tsanani, ko leɓe ya canza launi, a kira 997, layin motar asibiti ta gaggawa, nan take. Mai asma kada ya jira ko kaɗan.

Aikin aji

Kowa ya rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinsa: huhu, tururi, maƙogwaro, numfashi. Sannan ya rubuta lambobin nan biyu da manyan baƙaƙe a takarda, ya faɗi aikin kowace, ya manna ta kusa da ƙofar ɗakinsa. A darasi na gaba kowa zai karanta mana jimla biyu da ya rubuta da hannunsa, na yadda zai buɗe wannan magana da ɗansa ko ƙaninsa.