Yadda ake ɗaura tayar daji a kan wilin bidlok ba tare da an karya noti ba

Duk wanda ya taɓa kai mota ƙauyukan koko na Ahafo ko Sefwi a ƙasar Gana cikin watan Yuni ya san dabarar direbobin can: da an sauka daga kwalta sai a rage iskar taya, domin ta baje ta kama laka. Sai dai a wili na yau da kullum, iskar nan ce ke danne leɓen taya a jikin ƙarfe. Ka rage ta ƙasa da psi 12 ko 15 (psi shi ne awon ƙarfin iskar taya), ka karya sitiyari cikin rami, sai leɓen ya zame, iska ta fice a lokaci guda. Abin da ya sa aka ƙera wilin bidlok ke nan. Yana da zoben ƙarfe a fuskarsa, wanda ake matse leɓen taya na waje da shi, da notuna 24 ko 32 a yawancin wilin inci 17. Da irinsa mutum na iya sauka har psi 6 ko 8 taya ba ta rabu da wili ba.

Kafin komai, tabbata abin da ka saya bidlok ne na gaske. A kasuwannin kayan mota na Suame Magazine da Abossey Okai akwai wili masu notuna jere a gefe waɗanda ado ne kawai. Na gaske zobensa yana fita gaba ɗaya, kuma in ka cire shi za ka ga wani ɗan dandamali da leɓen taya ke zama a kai.

Kayan aikin ba su da yawa: bokitin fenti mai ƙarfi, ruwan sabulu, gudumar roba, libar taya mara kaifi, man hana noti cijewa, sai sifanar awo, wadda ke yin ƙas in ɗauri ya kai inda aka saita ta. In ba ka da wannan sifanar, ara. In ba ka samu aro ba, bar aikin sai gobe.

Fara da sa bawul. Abin dariya ne, amma na ga babban fita, wato makanike, ya gama ɗaure noti 32 sannan ya hango bawul a ƙasa kusa da takalminsa. Sai ka duba gefen tayar: in akwai kibiya, to tana da alkiblar juyawa, kuma ta dama da ta hagu ba a ɗaura su iri ɗaya.

Ajiye wilin a kan kwali, fuskar zobe tana kallon sama. Shafa ruwan sabulu sosai a leɓen taya na ciki, ka ɗora ta a karkace, gefe guda ya faɗa cikin kwarin da ke tsakiyar wili, sannan ka danna ɗaya gefen da gwiwa. Tayar laka mai kauri takan yi gardama, sai a taimaka mata da liba a hankali. Kada a sa giris ko baƙin mai. Sabulu yana bushewa ya bar roba ta kama ƙarfe, giris kuwa yana nan, kuma yana cin roba.

Yanzu ɗaga wilin ka ɗora shi a kan bokiti, yadda tayar za ta rataya, nauyinta ya ja leɓen waje ya kwanta a kan dandamalin nan. Wannan leɓen ba ya shiga cikin wili, a sama yake zama. Goge shi ya bushe, ka cire duk wani yashi, domin ƙwayar tsakuwa guda ta isa ta riƙa sace maka iska kullum. Bi shi da gudumar roba kana dubawa har ya zauna daidai ta ko'ina. In ya hau ta gefe guda, tayar za ta riƙa rawa a kan hanya, kuma ba dalmar daidaita wili da za ta gyara wannan.

A nan ne aikin yake. Ɗora zoben, ramuka su dace, ka shafa wa kowane noti ɗan man hana cijewa, musamman in wilin na alminiyam ne, domin notin ƙarfe da alminiyam in sun sha ruwan damina sukan manne. Sa guda huɗu da yatsu: sama, ƙasa, dama, hagu. In leɓen ya yi kaurin da noti bai kai ba, nemi dogaye huɗu ka jawo zoben da su, in sauran sun kama sai ka musanya su. Kowane noti da hannu zai fara shiga. Wanda ya ƙi, zare ya hau, fito da shi ka sake.

Ɗauri kuwa gicciye ake yi: ka ɗaure wannan, ka tsallaka ga na gabansa a ɗaya gefen, ka dawo, haka har ka zagaye. Kuma ba a kai shi ƙarshe a zagaye ɗaya. Notin da aka fi gani shi ne inci 5/16, kuma masu ƙera wili da yawa suna ba da awon ƙarfin ɗauri tsakanin fut-fam 15 zuwa 20, wato kimanin Nm 20 zuwa 27 a ɗaya ma'aunin. Kwatanta da notin da ke riƙe wili a jikin Hilux, wanda ke haura Nm 100. In takardar wilinka ta ce 20, fara da 10, koma 15, sannan 20. Za ka ga abin haushi: ka gama zagaye, ka dawo kan na farko, ka tarar ya saki. Roba ce ke lotsawa a ƙarƙashin zobe. Ci gaba da zagayawa, wani lokaci sau biyar ko shida, har kowanne ya yi ƙas bai motsa ba.

Bara an kawo mana wata Patrol rumfarmu, mai ita ya kai wani wuri an ɗaure masa da bindigar iska, injin nan mai ɗaure noti da ƙarfi. Noti biyar sun tsinke a ciki, zoben ya lotsa kamar faranti. Yaron da ke koyo a wurina ya ce, "Masta, ai da mun yi da bindiga mu ma, da tuni mun tashi." Na miƙa masa abin haƙo guntun noti, ya wuni a kan guda biyu, bai sake tambaya ba.

In ka gama, duba ratar da ke tsakanin zobe da wili, ta zama ɗaya ta ko'ina. In zoben ya karkata ciki sosai, leɓen tayar ya fi ƙarfinsa, kana bukatar wosha ta musamman da masu wilin ke sayarwa domin cike ratar.

Saura iska. Bar wilin a kan bokiti, ƙara sabulu a leɓen ciki, cire allurar bawul domin iska ta shiga da ƙarfi, ka maƙala tiyo ka koma gefe. Kada fuskarka ko hannunka su kasance a saman zobe. Za ka ji ƙara in leɓen ya hau mazauninsa. In ka kai psi 40 bai hau ba, kada ka ƙara, sauke iskar ka sake shafa sabulu. Dabarar nan ta wasu masu faci ta zuba fetur a ƙyasta ashana, kada ka bari a yi maka ita. Mayar da allura, daidaita iska, watsa ruwan sabulu a kan zobe da bawul ka ga ko zai yi kumfa.

Bayan tafiyar farko, in ka je Goaso ka dawo misali, sake bin notunan da sifanar awo, haka kuma duk lokacin da ka fito daga daji. Ka kuma sani cewa yawancin masu ƙera irin wannan wili suna rubuta cewa na daji ne, ba a yi shi domin gudun kwalta ba, don haka motar da aikinta Kumasi zuwa Accra ne ba ta bukatarsa. Ranar da za ka kwance zoben kuwa, cire allurar bawul tukuna, iska ta fita ƙaf, kafin sifana ta taɓa noti ko guda.