Inda likitocin iyali ke zamewa a rubutacciyar jarrabawa

Likitan da ke horon ƙwarewa a fannin lafiyar iyali a asibitin koyarwa na Shika yakan duba marasa lafiya tun safe har azahar, sai ya ɗauka hannunsa ya riga ya faɗa. Daga nan zamewa ke farawa. Kwalejojin da ke shirya jarrabawar ƙwarewar, wato ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas da ta Afirka ta Yamma, ƙa'idar da ke rubuce suke tambaya, ba abin da aka saba yi idan magani ya yanke ba.

Ɗauki zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Amsa ita ce allurar atesunet ta jijiya, miligiram 2.4 ga kowane kilo, nan take, sai bayan awa 12, sai a awa ta 24. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi, kuma a wannan gaɓar ake kama mutane. Mai karatu da tsohon littafi kwinin zai zaɓa. Ka ajiye ƙa'idojin Ma'aikatar Lafiya na baya-bayan nan kusa da littafinka, ka riƙa gyara shi da biro.

Sai haddar tsofaffin tambayoyi. Amsoshin da ke yawo a WhatsApp ba duka ne daidai ba, kuma da an mai da mara lafiyar mai ciki, amsa ta sauya. Kowace tambaya ka faɗa wa kanka abin da ya kore sauran zaɓuɓɓukan. Wadda ka kuskure amsarta, rubuta dalilin a layi guda, ka sake gwada ta bayan mako.

Lissafin bincike kuwa ana barinsa sai daren jarrabawa, alhali makinsa ya fi araha. Idan magani ya rage haɗari daga kashi 20 zuwa 15 cikin ɗari, bambancin 5 ne. Raba 100 da 5, mutum 20 za a yi wa magani kafin a kare guda. Haka ake raina taswirar dangi, wato zanen dangantaka da cututtukan dangin mara lafiya, wadda ake zana ta har zuriya uku, da ma'aunin APGAR na iyali, mai auna gamsuwar mutum da zaman iyalinsa, mai tambaya 5 da maki 10.

Karatu bayan aikin dare, gaskiya, kallon takarda ne kawai. Gara awa ɗaya bayan asuba. Duk Asabar ka zauna da agogo, ka raba mintuna da yawan tambayoyi, wadda ta cije ka yi mata alama ka wuce.