Yadda za ki shirya taron girki a gaban jama'a ba tare da an watse ana gunaguni ba

Tun watan Mayun 2023 da Hilda Baci ta tsaya a Lekki ta Legas tana girki dare da rana, mutane suka yi dafifi suna ihu suna rawa har gwamnan jihar ya je kallo, toh daga nan ne kowa ya gane cewa girki ma ana biyan kuɗi a zo a kalle shi kamar yadda ake zuwa kallon ƙwallo. Ita ta yi awa 100 a tsaye don kafa tarihin girki mafi tsawo, amma Guinness masu kundin tarihin bajinta na duniya suka ƙirga mata awa 93 da minti 11, kuma a 2025 ta sake tara jama'a a Legas ɗin da wata ƙatuwar tukunyar jalof da ta haura kilo 8,000. A can ɗin dai akwai bikin abinci na GTCO, wato kamfanin da ke da bankin GT, da ake yi duk shekara, masu girki na ƙasashen waje su zo su hau dandamali su koyar. Mu nan arewa mun daɗe muna kallon girki a talabijin irin su Akushi da Rufi na Arewa24, yanzu kuma ga 'yan matanmu da matan aure a Instagram da TikTok kowa da mabiyanta, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan kema kin fara tunanin ki kama fili a Kano ko Kaduna ko Abuja ki tara mutane. Zai yiwu wallahi, amma fa iya girki daban, iya riƙe jama'a daban, kuma na biyun ne ke kayar da mutane. Maza masu sana'ar ku yi haƙuri da "ke" ɗin da zan yi ta cewa, maganar har da ku.

Fara da yanke shawarar wane irin taro ne. Akwai wanda ke kaɗai ce a dandamali kina koyarwa mutane na zaune da littafi, wannan aji ne, mutum 30 zuwa 50 sun isa, kuma shi zan ba ki shawarar ki fara da shi. Akwai gasa, a haɗa mutum biyu ko huɗu a ba su kaya iri ɗaya da lokaci, a sa alƙalai. Sai babban wato bikin abinci da rumfuna, mai tsire can mai gurasa can mai fura can, dandamali a tsakiya. Kar ki ce za ki haɗa duka ukun a karon farko don kin ga wata ta yi, ita ba ki san mutum nawa ne a bayanta ba.

Lokaci kuma, damina ki bar ta sai in ɗakin taro ne rufaffe, don hadarin Agusta ba ya sallama, minti goma ya isa ya ɗage miki kanofi ya kashe wuta. Maris zuwa Mayu zafi ne, ga wutar gas ga rana, wlh mutane ba za su zauna ba. Disamba da Janairu sun fi, sai dai ki sani lokacin biki ne kowane wurin taro an kama shi kuma kuɗinsa ya tashi, ki biya kafin alƙalami da wuri, ki kuma tanadi abin rufe abinci saboda ƙurar hunturu. Kamar sati biyu kafin azumi ma lokaci ne mai kyau don mata na neman sabbin dabarun buɗa baki, nan ajin girki ke cika. A ranar kuma ki gina jadawalin a kan lokutan sallah, ba wai ki tsara komai sannan ki tuna da la'asar ba, ki ware wurin alwala da tabarmi, na mata daban. In a Kano ne ko wata jihar da ke da Hisbah, ki je ki sanar tun kafin ki buga fosta, ki faɗi ko akwai kiɗa, ki faɗi tsarin zaman maza da mata, ki kuma sanar da ofishin 'yan sanda na yankin. Gara ki sha zirga-zirgar yanzu da a zo a tsayar miki da taro ana tsakiyar suya.

Yanzu ga inda na fi so ki nutsu, me za ki dafa a gaban mutane. Ba kowane abinci ne ke da daɗin kallo ba. Tuwon shinkafa da miyar taushe duk duniya an yarda da daɗinsu amma wa zai zauna yana kallon tukunya a rufe har shinkafa ta yi lugub? Ki zaɓi abin da ke motsi, mai ƙara, mai ƙamshi, wanda yake sauya kama a idon mutum. Masa misali, ki ɗora tanda ta yi zafi, ki bi kowane gurbi da ɗan mai, ki zuba ƙullu da ludayi ya yi cuuu, gefen ya fara yin ja saman yana ƙananan huji, ki sa cokali ki juya ta ta kife da bayanta jawur, wallahi in aka haska wannan a babban allo za ki ji wurin ya yi tsit sannan a ɗau shewa. Ɗanwake ma haka, kina jefawa a tafasasshen ruwa yana nutsewa yana tasowa, ki kira yara biyu daga cikin jama'a su gwada jefawa a yi dariya. Gurasa bandashe minti biyar an gama, a tsoma ta a ruwa a barbaɗa garin ƙuli da yaji a kwarara man gyaɗa a watsa albasa da tumatir. Sinasir, tsire a kan garwashi, kwaɗon zogale, duk suna tafiya. Kuma don Allah ki daina jin cewa sai kin yi abincin turawa ko na larabawa ne za a ce ke shef ce, wanda ya biya tikiti ya zo zai fi jin daɗi ya ga an ɗauki dambun da ya sani an fito da shi a wata siga da bai taɓa gani ba.

Sirrin masu yi a talabijin ba wani abu ba ne, komai kashi biyu ko uku suke yi. Ƙullun masa sai ya kwana ya tashi, to ki zo da wanda ya tashi, a gaban mutane ki nuna yadda ake haɗawa kawai ki ajiye ki jawo wancan. Naman da ke cin awa guda a wuta ki dafa rabinsa tun a gida. Albasa, attaruhu, tattasai duk a yanke a ƙananan robobi, a jere bisa tsarin da za ki ɗauka. Kowane girki kar ya wuce minti 25 zuwa 30 a dandamali, in ya wuce za ki ga an fara danna waya ana fita siyan zoɓo. Ki yi gwaji a gida da agogo, kina yi kina magana da ƙarfi, ƙannenki su zauna su zama 'yan kallo su faɗa miki inda kika yi shiru da yawa.

Maganar shiru, ki nemi mai gabatarwa mai baki wanda zai cike gurbi lokacin da hannunki ke cikin ƙullu, ya yi miki tambaya, ya zagaya da makirfo cikin mutane, ya tsokani Katsinawa da Haɗejawa ko Kanawa da Zage-zagi a kan waye ya fi ci, barkwancin taubasai ba ya tsufa a taro. Amma ki ja masa kunne kar ya mayar da wurin nasa, wasu in suka riƙe makirfo sai an ƙwace. Ke kuma makirfon da ake maƙalawa a kunne ko a wuyan riga za ki sa, ba na hannu ba. Sannan kyamara ɗaya a saman tukunya tana kallon ƙasa an haɗa ta da allo, wannan kar ki yi rowar kuɗinsa, in babu shi daga layi na uku zuwa baya ba abin da suke gani sai ɗankwalinki da hayaƙi.

Wuta. Janareto biyu in da hali, a ajiye su nesa don ƙararsu kar ta cinye sifika, a sayi mai tun jiya. Silindar gas a ajiye ta gefe ba a ƙarƙashin teburin da ake girki ba, a shafa ruwan sabulu a bakin tiyo a ga ko yana kumfa, in yana yi to yana yoyo a sauya. Abin kashe gobara a kusa da wanda ya iya amfani da shi, kuma kowa a cikin masu taya ki ya san in mai ya kama da wuta ba a zuba ruwa, kashe gas ake yi a rufe da murfi. Mayafi da hijabi mai faɗi kusa da wuta ki kula, ki ɗaure ki sa rigar girki a kai. A ja igiya tsakanin dandamali da jama'a saboda yara.

Abin da ya fi jawo zagi bayan taro shi ne ɗanɗano. Mutum ya zauna awa biyu ƙamshi na dukan hancinsa sannan a ce abin da aka dafa faranti huɗu ne na manyan baƙi, ai ko ni ce sai na yi magana. Ki sa wasu a baya suna dafa irin abin da kike yi da yawa, kina saukewa a fara rabawa a ƙananan kofuna ko robobi, loma biyu ma ta isa, a bi layi layi mutane na zaune, kar ki ce a taso a karɓa don nan ne ake turmutsutsu. Ki ƙirga tikitin da kika sayar ki ƙara wani abu a kai saboda 'yan rakiya da masu gadi da direbobi. Abincin da aka dafa kar ya wuce awa biyu a ajiye a zafin nan namu ba a kan wuta ba, ba a cikin kula ba, shinkafa musamman, kunun aya kuwa in ba ƙanƙara kafin magariba ya yi tsami. In akwai gyaɗa a ciki a faɗa, akwai waɗanda ba sa ci.

Kuɗi kuma kar ki dogara da tikiti, mutanenmu sai ranar suke siya wasu kuma a bakin ƙofa za su ce ai sun san ki. Kuɗin rumfa daga masu sayarwa da tallafin kamfanoni su ne ke ɗaukar nauyi. Kamfanonin ɗanɗano, fulawa, taliya, man girki, masu sayar da gas da tukwane, ki rubuta musu takarda shafi ɗaya ko biyu wata biyu ko uku kafin ranar, ki faɗi mutum nawa kike sa rai, mabiyanki nawa, me za su samu. Da yawa kaya za su ba ki ba kuɗi ba, ki karɓa, buhun fulawa ma kuɗi ne. Duk abin da aka yi alkawari a rubuta a sa hannu. Masu rumfa kar ki ɗauki masu shawarma biyar, ki bambanta, ki kuma ɗanɗana abincin kowa kafin ki ba shi wuri. POS biyu na bankuna daban a ƙofa don in jama'a suka taru netwok na ɗaukewa, da mutum ɗaya amintacce da aikinsa kawai duba alat.

In kuma burinki irin na Hilda ne wato kafa tarihi, ki fara neman izini a shafin Guinness ki jira su turo miki dokoki ki karanta su layi layi. Hutu minti biyar ne a kowace awa, ana iya tara shi, kuma kuskuren lissafin hutun ne ya sa aka zabge wa Hilda kusan awa bakwai. Failatu Abdul-Razak ta yi awa 227 a Tamale ta Ghana a Janairun 2024, gari ya cika ana ta murna, amma ba a amince da shi ba saboda dokar hutu. Na Hilda ma ba a rufa shekara ba wani ɗan ƙasar Ailan mai suna Alan Fisher ya wuce shi da awa 119 da minti 57. Saboda haka kafin ki kunna wuta ki tanadi masu riƙe agogo da shaidu da za su riƙa karɓar juna, kyamarar da ba za ta ɗauke ba ko na minti ɗaya, da likita a kusa, ki kuma duba adadin da ke kan gaba a ranar da za ki nema don yana sauyawa.